Kano, Abuja ko Legas: ina albashi ya fi auki?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aikin akanta a wani kamfani a nan Kano, abin da ke shigowa hannuna a wata ₦350,000. Ina da mata da yara uku, biyu suna firamare. Muna haya a Rijiyar Zaki, fulat mai ɗaki biyu da falo, ₦600,000 a shekara. Mahaifiyata tana Gwale, maiɗakina kuma tana ɗinki a gida. To sai Allah ya kawo mini aiki biyu a lokaci guda: ɗaya a Abuja, ofis a Wuse, ₦600,000 a wata, ɗaya a Legas, ofis a Victoria Island, ₦750,000. Wani abokina ya tambayar mini gida irin nawa a Kubwa, aka ce ₦2,500,000. Kowa cewa yake in tafi, kuɗi sun kusa ninkawa. Ni kuma hankalina ya kasa kwanciya. Don Allah a ina rayuwa za ta fi mana sauƙi, ni da iyalina?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ya zaɓa maka mafi alheri. A wannan zamani da mutane ke yawo da takardu ba su samu ko ɗaya ba, kai an ba ka biyu, wannan abin godiya ne. Kuma rashin kwanciyar hankalin nan da kake ji kada ka raina shi, domin yana da dalili, kuma za mu iya zama mu ƙirga dalilin da alƙalami.

In na fahimce ka, kana son sanin a wane gari ne abin da zai rage a aljihunka bayan an biya gida, mota, wuta, ruwa, cefane da makaranta zai fi yawa, kuma a wane gari ne za ka samu lokacin da za ka zauna da iyalinka ka ci abin da ya ragen. Sana'ata kimanta gidaje da kula da gidajen haya. Na fara ta a Kano, na yi shekara huɗu a Legas, sauran kuma a Abuja na yi su, kuma mutane irinka, sababbin zuwa da takardar ɗaukar aiki a hannu, su ne rabin waɗanda ke shigowa ofishina. Da abin da na gani a kansu zan ba ka amsa.

Mu fara da lissafin da kai ka kawo

Kai akanta ne, don haka ba sai na yi dogon bayani ba. A Kano kana samun ₦4,200,000 a shekara, haya na ɗauke ₦600,000, wato kashi 14 cikin ɗari. Abin da ke saura ₦3,600,000, wato ₦300,000 kowane wata.

A Abuja za ka samu ₦7,200,000 a shekara. Hayar Kubwa da aka faɗa wa abokinka za ta ɗauke ₦2,500,000, kusan kashi 35 cikin ɗari ke nan. Saura ₦4,700,000, wanda in ka raba shi wata goma sha biyu zai ba ka kimanin ₦392,000. Ka ga ƙarin ₦250,000 da aka yi maka a takarda ya koma ₦92,000 tun ba ka sayi ko ashana ba. Wannan ma lissafin shekara ta biyu ne. A shekarar farko akwai kuɗin ejan, wanda al'adar Abuja kashi 10 ne, akwai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, shi ma galibi kashi 10, sannan akwai kuɗin ajiya da maigida zai riƙe saboda ɓarna. Mu ƙaddara na ƙarshen nan ₦200,000 ne. Sai ka tara ₦3,200,000 a dunƙule kafin a miƙa maka makulli, kuma abin da zai rage maka a wata a wannan shekarar bai wuce ₦333,000 ba. Bambancinsa da Kano ₦33,000. Ba mu sa kuɗin motar kwasar kaya ba, ba mu sa rajistar sabuwar makaranta da sababbin yunifom ba, ba mu sa labule da gyaran famfo ba.

Na daɗe ina ganin yadda fuskar mutum ke sauyawa idan muka kai nan a lissafi. Mafi yawa ba su taɓa haɗa shi a takarda ɗaya ba, saboda albashi wata-wata ake faɗinsa, haya kuma shekara-shekara, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye su a wuri daban-daban.

Me ya sa gida ɗaya ke da farashi uku

Gidan da kake ciki a Rijiyar Zaki da wanda aka nuna wa abokinka a Kubwa da bulo ɗaya aka gina su, da siminti ɗaya, ƙila ma birkila ɗaya. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu ce ta bambanta.

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta yi dokar kafa shi a 1976, aka koma can a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. Duk filin da ke birnin tarayya na gwamnatin tarayya ne, minista ne ke raba shi, kuma unguwa ba ta zama unguwa sosai sai an kai mata titi da magudanar ruwa da famfo. Wannan aikin yana tafiya a hankali, mutane kuma suna kwararowa da gudu. Daɗin daɗawa, masu kuɗin da suka samu filaye a Maitama da Asokoro da Wuse II manyan gidaje suka gina, irin waɗanda ma'aikaci ba ya ko tambayar kuɗinsu. Da yawa suna nan a kulle shekara da shekaru, sai maigadi da iyalinsa a boskwata, mai shi kuma bai damu ba domin ajiyar dukiya ya yi. Sannan a zamanin Obasanjo aka daina ba ma'aikata gidan gwamnati aka mayar da shi alawus, aka sayar da gidajen, aka kuma rushe unguwanni da dama da aka ce sun saɓa wa taswirar gari lokacin da Nasir El-Rufai yake minista. Duk waɗannan mutanen sai suka fantsama gefe: Kubwa, Dutse, Bwari, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Nyanya, Karu, wasu ma suka tsallaka jihar Nasarawa zuwa Mararaba da Masaka, ko jihar Neja zuwa Suleja da Madalla. Shi ya sa da safe za ka ga gari guda yana shigowa Abuja, da yamma ya fice.

Legas kuma ruwa ne ya matse ta. Ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, wani babban sashe nata ma kogi ne da fadama, ga shi ayyukan da ke biyan albashi mai tsoka sun taru a tsibiri, Victoria Island da Ikoyi da Lekki, inda sai an haye gada ake shiga.

Kano tata daban ce. Fili ne shimfiɗaɗɗe ta kowace kusurwa, gari yana ta miƙewa ta Panshekara, ta hanyar Gwarzo, ta hanyar Zariya, ta hanyar Haɗeja, ta hanyar Katsina. Manomi ya yanka gonarsa awon igiya ya sayar, mutum ya saya ya riƙa aza bulo ɗari yau, ɗari biyu bayan wata uku, har ya tare. Ga gidajen gado da ke ɗauke mutane da yawa daga kasuwar haya. Wannan shi ne ke riƙe farashi. Yana da nasa tsadar, ba na ɓoye maka: lungu ƙunci, babu kwata, damina ta zo unguwa ta zama tafki, famfo kuma sai labari. Kuma a Kanon ma haya tana hawa. Buhun siminti ya haura ₦10,000 a farkon 2024, mutanen da rashin tsaro ya koro daga wasu jihohi suna ta shigowa, don haka kada ka ɗauka ₦600,000 ɗin nan za ta dawwama.

Gida da hanya kuɗi ɗaya ne

Wannan shi ne wurin da na fi so ka tsaya, domin nan ne na ga mutane sun fi yin kuskure. A Abuja da Legas duk naira da ka rage a haya za ka biya ta a titi, ko da kuɗi ko da lokaci, yawanci da duka biyun.

Akwai wani bawan Allah da na sama wa gida shekarun baya, ma'aikacin banki ne daga Katsina. Na nuna masa ɗaki ciki da falo kusa da wurin aikinsa, ya ce ya yi tsada kuma ya yi ƙanƙanta, ya je ya kama fulat mai ɗaki uku a can cikin Mararaba a kan kuɗin da bai kai na wancan ba. Bayan wata biyar na gamu da shi a wani masallaci a Garki da asuba. Ashe ƙarfe huɗu da rabi yake fitowa daga gida don ya riga cunkoson gadar Karu da Kugbo zuwa mahaɗar AYA, ya yi sallar asuba a nan, ya koma mota ya kwantar da kujera ya yi barcin awa ɗaya, sannan ya wanke fuska da ruwan leda ya ɗaura nakatayi ya shiga ofis. Da yamma ba ya kama hanya sai bayan isha'i. Ya ce mini, Malam, 'yata ƙarama ranar Asabar kawai take ganina a farke. Gidan yana da ɗaki uku, amma shi kwana kawai yake yi a ciki.

Ka yi wannan lissafin da kanka. Idan tafiya awa biyu ce, dawowa awa biyu, a ranakun aiki 22 ka zauna a mota awa 88. Ranakun aiki 11 ke nan cur, masu awa takwas-takwas, da ba wanda zai biya ka su. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 har ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024, hanya ta daina zama ƙaramin abu a kasafin gida.

Gaskiyar magana, Kubwa ba Mararaba ba ce. Babban titin Kubwa yana da faɗi, in ka fito da wuri za ka isa Wuse cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma abokinka bai yi maka mummunan zaɓi ba. Sai dai Abuja gari ne da aka gina don mai mota. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, Keke Napep ma unguwanni aka keɓe masa. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 aka sake farfaɗo da shi a 2024 yana bi ta Kubwa da Idu, amma tashoshinsa ba a bakin ƙofar yawancin mutane suke ba. Wanda ba shi da mota sai ya tsaya bakin titi ya shiga ta mutane, ana cusa biyu a gaba huɗu a baya, kuma dole ya yi hattara da motocin 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. Ka kwatanta da yanzu, da maiɗakinka za ta leƙa bakin layi ta tsayar da adaidaita sahu ya kai ta Kwari ta sayo yadi ta dawo kafin a tashi yara.

Legas ta fi Abuja motocin haya nesa ba kusa ba. Akwai danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, ko'ina, akwai manyan bas na BRT tun 2008, jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki a 2023, Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, ga kwale-kwalen fasinja daga Ikorodu. Amma nisan ya fi, cunkoson ya fi. Albashin ₦750,000 ya kama ₦9,000,000 a shekara. In ka bi ƙa'idar da muke ba mutane, cewa haya kada ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kana da ₦2,700,000. Wannan kuɗin ba zai ba ka gidan iyali a kusa da Victoria Island ba. Ko dai ka miƙa can bayan Ajah, inda hanya ɗaya ce ke shiga da fita kuma damina kan cika ta da ruwa, ko ka koma tsallaken gada, ka riƙa hawa gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 safe da yamma. Idan kuma kana son zama cikin 'yan'uwa, inda za ka ji kiran salla ka sayi tuwo da fura, wato Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, to Idi-Araba ce kawai zan ce tana da ɗan kusanci da ofishinka.

Akwai dokar haya ta jihar Legas ta 2011 da ta hana maigida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ka san da ita, amma ka san cewa ba ta shafi Victoria Island da Ikoyi da Apapa da Ikeja GRA ba, kuma a sauran wuraren ma idan mutum goma na neman gida ɗaya, wanda ya kawo na shekara biyu shi ake ba, ba wanda ke kai ƙara. Ni kaina ba na jin daɗin wannan al'ada ta karɓar kuɗin shekara a dunƙule daga mutumin da ake biya wata-wata. Na san dalilin masu gida: fitar da ɗan hayar da ya ƙi biya ta hanyar kotu yana cin watanni, kuma a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, kuɗin yau sun fi na watan gobe daraja. Duk da haka nauyin a kan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka, shi ne ke cin bashi ko ya sayar da fili don ya shiga gidan da ba nasa ba.

Wuta, ruwa da cefane

A nan zan taƙaita. Kafin ka kama gida a ko'ina ka tambayi layin wutar da yake kai. Tun Afrilun 2024 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suke biyan sama da ₦200 a kan kowane yunit, ninki uku na abin da suke biya a da. Wuta tana samuwa, amma kati yana ƙonewa kamar takarda. Wanda ke ƙananan rukuni kuma yana biyan kaɗan ya ƙarasa sauran a man janareto. In gidan a cikin rukunin gidaje masu geti yake, akwai kuɗin hidima na shekara, na masu gadi da kwasar shara da dizal, kuma ejan ba ya faɗinsa sai an tambaye shi. Ruwa kuwa, unguwannin Abuja da ke shan na madatsar Usuma sun fi Kano da Legas morewa, Kubwa tana cikin masu ɗan rabo, amma a sababbin unguwanni burtsatse ce da 'yan garuwa, kamar dai yadda ka saba.

Cefane Kano ce gaba, kuma dalilin a fili yake. Da yawa daga hatsin da ake ci a Legas daga Dawanau ake lodinsa. Tumatirin Kadawa da Kura kwana yake yi a hanya, kusan kilomita 1,000, kafin ya sauka a Mile 12, kuma kuɗin dizal da na shingayen hanya da na kwandunan da suka ruɓe duk mai saye ne ke biya. Shanu ma haka. Legas ta fi sauƙin kifi da manja da garin kwaki da kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa, amma gidan Bahaushe da shinkafa da masara da wake da nama yake tafiya. A Abuja abin ya danganta da inda maiɗakinka za ta je. Kasuwar Wuse da ta Utako farashin masu albashin gwamnati ne. Matan da suka san gari Gosa suke zuwa ranar Juma'a ko Karmo ranar Talata, ko su haɗa kuɗi a sayo buhu a Dei-Dei a raba. Gwamnatocin ma sun san da wannan bambancin: da aka mayar da mafi ƙarancin albashi ₦70,000 a 2024, Kano ta tsaya a ₦71,000, Legas ta kai ₦85,000.

Abin da Kano ke ba ka kyauta

Ka ambaci abubuwa biyu a tambayarka kamar a wuce, alhali su ne suka fi nauyi: Hajiya tana Gwale, maiɗakinka tana ɗinki.

Yau idan yaro ya kwana da zazzaɓi, akwai ƙanwa ko gwaggo da za ta zauna da sauran a tafi asibiti. Idan haihuwa ta zo, akwai masu wankan jego. Idan wata ya yi nisa, akwai mai shagon da ya san ka tun kana saurayi, zai rubuta a littafi. Islamiyya tana bayan gida, kuɗinta kaɗan. Duk waɗannan ba ka taɓa sa su a lissafi ba saboda ba a taɓa kawo maka takardar biyansu ba. A Abuja da Legas kowannensu saye ake yi: mai aiki, gidan renon yara, motar makaranta, malamin da zai zo gida ya yi wa yara karatun Alƙur'ani. Makarantar kuɗi mai daraja ɗaya da wadda yaranka ke zuwa yanzu za ta fi tsada, domin ita ma hayar gini take biya a garin.

Ɗinkin nan kuma ba keken ne ke kawo kuɗin ba, matan unguwa da dangi da ƙawaye ne, waɗanda aka tara cikin shekaru. Ranar da kuka tashi, sun zama na wata. Zai yiwu ta samu waɗanda suka fi su a Abuja, inda kuɗin ɗinki ya fi tsoka kuma matan Arewa suna neman telar da ta iya, amma sai ta yi shekara tana neman a san ta, tana zaune a gidan da maƙwabta ke kulle ƙofa tun safe. Na ga matan da kaɗaici ya fi tsadar rayuwa damunsu, har suka riƙa neman dalilin zuwa gida kowane wata. Ka zauna da ita ku yi wannan maganar sosai, ka ji ta bakinta, kada ka kai mata ita a matsayin abin da aka riga aka yanke.

Wasu kan ce mini ai nisa da dangi sauƙi ne, an huta da biki da suna da masu zuwa neman taimako. Ban ga haka ba. Ranar da aka ji ka koma Abuja, a idon mutane ka zama babban mutum, buƙatun da ake kawo maka sai su ƙaru su kuma yi girma. Gidanka ya zama masaukin mai neman biza, mai bin fansho, mai jiran intabiyu. Ga zuwa gida: salla biyu, rasuwa, ɗaurin aure, jikin Hajiya. Daga Abuja tafiyar kilomita 400 da wani abu ce, za ka iya tasowa Juma'a da rana ka kwana a Gwale. Daga Legas kuwa ko kwana a mota ko tikitin jirgi na mutum biyar. Ga wanda mahaifiyarsa ta manyanta, wannan kaɗai ya isa ya sa Legas ta koma baya a lissafi.

Ba na so ka ɗauka ina kushe garuruwan nan. Abuja tana da tsari da tsabta da natsuwa, zafinta bai kai na Kano a watan Afrilu ba, ƙurar hunturu ma da sauƙi. Legas kuma, ga akanta, nan ne hedikwatar yawancin bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi da kasuwar hannun jari. Wanda ya yi shekara uku a can ya iya aiki, albashinsa na gaba ba a kan na Kano za a ɗora shi ba. Da kai saurayi ne, da Legas zan tura ka ba tare da dogon tunani ba, ka kama ɗaki ɗaya a Yaba ko Obalende ka sha wahalar shekara uku.

Abin da zan yi da ni ne

Da iyali biyar da uwa a Gwale, Legas a kan ₦750,000 ba ta biya ba, sai in kamfanin zai ba da gida ko ya yarda ka yi wasu ranakun daga gida. Abuja a kan ₦600,000, idan za ka kwashi kowa yanzu, canjin gari ne kawai, aljihu yana nan inda yake, ƙila ma ya ɗan rame a shekarar farko. Amma ban ce ka ƙi ta ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ina wannan aikin zai kai ka nan da shekara uku, kuma ina na Kano zai kai ka. Wannan kai ka san shi, ni gidaje na sani.

Kafin ka sa hannu, koma wurinsu ka yi ciniki. Ka nemi alawus na gida, ko su biya maka hayar shekarar farko su riƙa cira a hankali ba ruwa, ka nemi kuɗin tashi, ka tambaya ko inshorar lafiyarsu ta haɗa da mata da yara. Kamfanoni da yawa suna da wannan tanadin, ba sa faɗa sai an nema. Ka kuma riƙa karɓar rasit na haya da sunanka, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yarda a cire kashi 20 na hayar shekara, iyaka ₦500,000, daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. Hayar ₦2,500,000 ta kai ka daidai wannan iyakar.

Sannan ka tafi kai kaɗai tukuna. Ka bar iyali a Rijiyar Zaki, yara su ƙarasa shekarar karatu, ka kama ɗaki ɗaya ko boskwata kusa da Wuse gwargwadon hali, ko ku raba fulat da wani abokin aiki, kana zuwa gida duk mako biyu. Riƙe gida biyu yana da tsada da kewa, kuma ba abin da zan so ya wuce wata shida zuwa shekara ba ne, domin na ga inda ya zarce ya zama shekara goma, yara suka girma uban yana baƙo. Amma a cikin wannan lokacin za ka wuce watannin gwaji a tabbatar da kai, ka tara kuɗin haya ba tare da bashi ba, ka san gari da ƙafarka.

Idan lokacin neman gidan iyali ya yi, kada ka je dubawa ranar Lahadi da rana, lokacin da titi yake fayau. Ka kwana a unguwar ranar Lahadi, ka fito Litinin ƙarfe shida da rabi ka auna hanya da agogo. In da hali ka je da damina, ka dubi gindin katanga ko akwai layin da ruwa ya bari. Ka tsaya wurin mai shagon bakin layi ka sayi ruwa, ka tambaye shi awa nawa ake samun wuta, nawa ake sayar da kurar ruwa, me ya tayar da wanda ya fita daga gidan. Kuma kada ka tura ko sisi ga ejan sai ka ga mai gidan ko lauyansa ido da ido, ka ga takardar da ta nuna gidan nasa ne, kuɗin kuma su shiga asusun da ke ɗauke da sunan da ke jikin yarjejeniyar.